Talatar Damina a Bandung

Ran da muka tuɓe rigar kammala jami'a
Nenden ko hoto ba ta tsaya ba.
Ta sayar da babur ɗinta, ta kama shago
mai faɗin tabarma biyu a bayan Pasar Baru,
ta ce, "Imas, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe."
Na ce gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido.
Shekarunmu ashirin da biyu,
kowacce da karin maganar da ta dace da zuciyarta.

Ni digirin sinadarai na yi.
Na kai shi wata masaƙa a Majalaya,
aka ba ni farar riga da kwalaben gwaji.
Kullum in auna ruwan rini, in rubuta lamba, in sa hannu,
da yamma in tarar da kogi ya yi ja,
gobe shuɗi,
kamar shi ma yana da kayan fita.

A jakata akwai littafi mai koren bango:
ɓawon albasa, ƙwallon fiya, ganyen baba,
tukar shayin da aka zubar,
awo nawa, wuta minti nawa,
launin da ba ya kashe kifi.
A shafin farko na rubuta kalma ɗaya: baɗi.

Baɗi ta zo da aure.
Wata baɗin ta zo da Wulan a zanen goyo.
Mahaifiyata ta ce a bari a yaye ta.
Manaja ya ce ƙarin girma na nan tafe.
Banki ya ce ina takardar fili?
Ba wanda ya hana ni, in faɗi gaskiya.
Kowa kujera ya miƙo mini,
ni kuma na zauna.

Nenden ta karye sau biyu.
Na farko bashi, na biyu abokin kasuwanci
da ya tafi Surabaya da kuɗin kaya bai waiwayo ba.
Na kai mata shinkafa da miya har gida,
ina tausaya mata a baki,
a ciki ina cewa: kin gani?
Allah ya yafe mini wannan.
Shagonta na uku yanzu yana da ma'aikata tara.
Gashinta ya riga nawa furfura.

Sai wani dare Wulan, tana shekara goma sha ɗaya,
ta rasa takardar yin lissafi,
ta jawo koren littafin.
"Mama, wannan na waye? Babu mai amfani da shi."
Ta karanta farashin tukunyar da na rubuta,
ta yi dariya:
yanzu kuɗin ko murfi ba zai saya ba.

Ban yi barci ba.
Na lissafa abin da jira ya ba ni:
na san masu zare da sunayensu,
na san wa ke biya, wa ke cewa jibi,
ina da ajiyar wata takwas
da hannun da ya daina rawa a kan ma'auni.
Na lissafa abin da ya ci:
gwiwa, ƙarfin hali,
da shekara goma sha biyar na kogi.
Lissafin bai tashi daidai ba ta ko'ina.

Ranar Talata na ajiye aiki,
tsakiyar damina,
lokacin da duk mai hankali ba ya shanya.
Yadi goma sha biyu na rina a bayan gida,
na rataye su a falo, daga taga zuwa ƙusar agogo.
Dadang yana sunkuyawa ya wuce, bai ce komai ba,
sai ya kunna fanka.
Kwana huɗu ba su bushe ba.

Na kira Nenden na ce, "Na makara ko?"
Ta ce, "Ni ma har yau ban san ko na yi sauri ba.
Wane launi ne ya fito?"
Na duba. Na ce, ruwan ƙasa, mai ɗan ja-ja,
kamar shayin da aka manta a kofi.
Ta ce, "Ajiye mini biyu. Kuma ba kyauta ba."