Kofin Shayi

Likitan Yawunde ya ɗauko kofin shayi, ya dire shi gabana.
Ya ce, "Dijatu, ga girman tumbinki daga yau.
Nawa aikin awa biyu ne.
Naki, sai ranar da aka ɗauke ki."
Na yi dariya, ɗinkin ya tsikare ni.

Mu biyu aka yanka a mako guda,
ni da Alhaji Bakari mai tirela uku.
Jirgin ƙasa ɗaya ya sauke mu Ngaundare,
mota ɗaya ta kawo mu Garwa,
wuƙa ɗaya, kuɗi ɗaya.

An rage mini ciki, ba a rage mini ido ba.
Ranar sunan jikar Goggo Dudu
ƙamshin kifin Binuwai ya bi ni har bayan ƙyaure.
Loma uku na yi, na wanke hannu.
Goggo ta ce, "Raini ne, ko ciwon da ba a faɗa?"
Mata suka leƙa wuyana
inda ƙashi ya fara gaisawa da sarƙa.

Ruwa kuwa kurɓi-kurɓi, ko a zafin Afrilu,
ba tare da abinci ba.
Ƙwayar ƙarin jini ta yanke a kanti wata biyu,
gashina ya bi mataji,
sai da direban bas ya taho mini da ita a aljihu.

Alhaji bai karya doka da tuwo ba.
Shayi ne, sukari cokali huɗu,
kunun gyaɗa da madara, fura a kan hanyar Kuseri.
Abin da ba a taunawa, in ji shi, ba ci ba ne.
Bana ya koma tsohuwar rigarsa.
Ban yi masa dariya ba:
shi ba shi da Asta.

Asta, autata, ita ke buga mini ƙofa bayan asuba,
mu taka har gada mu dawo,
ita ke fara ba ni ƙwai kafin komai,
ita ke karanta takardar awon jini
ta kira likita in na noƙe.

Jiya na yi sujada ba kujera.
Na daɗe a ƙasa.
Asta ta zaci gwiwar ce ta sake riƙewa.