Lissafin Mai Hoto a Arequipa

Daren Talata, a teburin kicin,
ni da Wilber da biro mai zubar da tawada
muka baje kuɗin biki kamar wake a tire,
muna tsince tsakuwa.

Sol dubu goma sha ɗaya muka tara.
Shekara biyu yana jan bas daga Cayma zuwa kasuwa,
ni ina ƙirga ƙwayoyi a kantin magani
har yatsuna suka iya lissafi ba da sanina ba.
Coci ta karɓi nata, zauren biki ya haɗiye rabi,
ga kaji arba'in, ga dankali, ga makaɗa,
ga rigar da gwaggo Zoila ke ɗinki tun Maris.
Abin da ya rage wa mai hoto: dubu da ɗari biyu.
Wilber ya ce, "Ai hoto hoto ne."

Bai taɓa buɗe gwangwanin biskit na mamata ba.
Hoton aurenta guda ɗaya ne tak a duniya:
gwiwar hannun wani baƙo ta tare mata rabin fuska,
babana kuma ya runtse ido.
Shekara talatin da huɗu tana roƙonmu,
"Ku dai yarda da ni, na yi kyau ranar."

Na farko, ofishinsa na kusa da babban dandali,
gilashi sama, gilashi ƙasa.
Ya ba mu gahawa a kofi kamar murfin kwalba,
ya ce na'urarsa za ta tashi sama ta ɗauke mu
da dutsen Misti da farar ƙanƙararsa a bayanmu.
Dubu huɗu. Ban da kundi.
Gahawar ta sarƙe Wilber, sai da na bubbuga masa baya.

Na biyu ɗan kawunsa ne, Hernán mai sabuwar waya.
Ya ce kyauta zai yi, don zumunci.
Na san shi da kwalba:
kafin a yanka kek, shi za a riƙa ɗauka.
Araha ba ta ado.

Ta uku, sai da muka hau bene saman mai gyaran takalmi.
Ubaldina, gashinta duk furfura,
igiyar kyamararta an ɗinke ta da zaren kamun kifi.
Na ce ta nuna min biki ɗaya daga farko har ƙarshe,
ba zaɓaɓɓun da ake rataye wa a bango ba.
Ta nuna. Uku sun yi dishi-dishi, ba ta ɓoye su ba.
Kafin ta faɗi farashi ta ɗauko littafi, ta ce,
"Wa zai zo da kike tsoron ba zai ga bikin gaba ba?"
Na ce kakana Eusebio, daga Chivay,
tamanin da tara, yana zuwa da sandarsa.
Ta rubuta sunansa, ta ja layi biyu a ƙasa.
"Su wa ba sa ga maciji?
Kada in jera su kafaɗa da kafaɗa."
Wilber ya yi dariya, ya lissafa mata mutum huɗu.

Dubu da ɗari bakwai.
Awa shida, kundi mai shafi ashirin,
rabi yanzu, rabi ranar karɓa, komai a rubuce.

Muka dawo teburin kicin da giɓin ɗari biyar.
Kek mai hawa uku ya sauko hawa biyu.
Muka soke motar haya:
Wilber zai wanke bas ɗinsa, ya ɗaura mata farin kyalle,
in shiga da rigata ta ƙofar fasinja.
Saura sittin. Na cire furannin bakin ƙofa.

Mama na wanke kwanuka, ta juya mana baya.
Ta kashe famfo, ta ce, a hankali,
"Matar nan, za ta yarda ta ɗauke ni da babanku?
Mu biyu kawai."

Washegari na kira Ubaldina.
Na ji ƙarar birota a kan takarda,
tana maimaitawa tana rubutawa:
"Uwar amarya da mijinta.
A tabbatar ya buɗe ido."