Littafin Ilu Mai Ƙanƙara

Shekara bakwai Ilu na rubutawa
a bayan littafin bashi:
Talata, an ɗauke wuta da azahar,
ƙanƙara sittin ta koma ruwa.
Ya ba ni aro, ya ce kar in jiƙa.

Na ɗura wa na'ura duka,
da zafin bazara, da kuɗin gazuwal,
da ranar da ke kwance bisa duwatsun Birni
ba mai ɗiba.
Kwana tara tana koyo,
ina mata fifita da kwalin shayi.

Sai ta ce:
a shimfiɗa faranti a hanyar Tanut,
a ja waya Zango, a tsallake Kara-Kara,
can ba su sayen wuta.
Lissafi tsaf, ko dala ba ta faɗi ba.

A Kara-Kara ungozoma ta yanke mini cibi
da tocila a bakinta.
Wannan Ilu bai rubuta ba.

Na goge layi guda, na sake.
Malamina zai ce tsada ta hau.
Na danna.
Fanka ta yi shiru.
Na laluba littafin, na ƙara masa:
Laraba, da asuba.