Zabuwar Sallau

Duk Alhamis nakan bar gona da hantsi,
in hau keke in nufi Maigatari.
Ba saye, ba sayarwa.
Dillalan raƙuma sun daina tambayata,
sun san bayan motoci nake dubawa.

Ƙanena Sallau, bana shekara bakwai.
Da burushi ya tashi, yadda muka tashi da fartanya.
Shi ya zana kura a bayan gingimarin Haladu,
da takalmin soja, da hula a karkace,
tana awon hatsi da tiyar da gindinta ya ɓule,
mutane a layi, kowa da buhu a buɗe.
Ko harafi bai sa a ƙasa ba.
Daga nan har Gumel aka yi ta dariya kwana tara.
Ran na goma dariya ta ƙare.

Da assalatu suka zo.
Suka tarar da gwangwanaye, da burushi jiƙe a kananzir,
suka tarar da ni.
Haƙoran nan biyu da babu, ranar suka tafi.
Shi kuwa ya kutsa cikin gero ya tsallake iyaka
da silifa ɗaya. Warin yana ƙarƙashin gadon Inna.

Ba ya aiko wasiƙa, wasiƙa buɗe ta ake yi.
Sai dai motocin da ke sauko da kanwa da dabino
a gan su da sabon fenti:
kura ta yi teɓa, kujera ta tsage a ƙarƙashinta,
ga ta kuma an ba ta gadin rumbu.
A shinge a sauke kaya, a soki buhu,
a lalube aljihun direba,
su jingina da kurar suna ƙirga na goro.

Ni ba kurar nake nema ba.
Can ƙasa kusa da lamba, inda laka ke fantsama,
yakan ajiye 'yar zabuwa ta ɗage ƙafa ɗaya,
irin wadda ya zana a bangon zaurenmu yana yaro
har Baba ya zane shi.
In na gan ta sai in shafa, in sansana yatsana.
Muddin fenti sabo ne, ya ga wannan watan.

Makon jiya na iske zabuwa
ta sauke ƙafafunta duka biyu,
kanta ya juyo kudu.

Na dawo ban ce wa kowa uffan ba.
Inna Tabawa ta dube ni, ta dubi ƙurar keke,
ta tashi da ƙyar, ta shiga ɗaki,
ta jawo warin silifan nan ta wanke.