Hanyar Gidimuni da Kaka

Mun bar Damagaram da asubar fari,
masu ƙosan Zango ba su hura wuta ba.
Kawu Mutari a gaba, sanda tsakanin gwiwa,
ni a sitiyari, ni da ya koya wa tuƙi da faɗa.
Shekara talatin ya ci a hanyar nan da babbar mota,
yau yana ta rufe masa ido, kunne ya bar wa aiki.

"Sassauta, Zuwera, akwai rami bayan gada."
Na ce an cike shi tun bara.
Ƙafar gaba ta faɗa har haƙorana suka haɗu.
Bai ce uffan ba. Hula kawai ya gyara.

Duwatsun Birni suka sallame mu ɗaya bayan ɗaya,
ƙoren da aka kife aka manta,
wani bisa wani, ba laka, ba madogara,
kai ka ce tari ma zai gangaro da su,
amma tun kakan kakana suke wannan barazana.

Kaka ta yi.
Karan gero tsaye ba kai, kamar an yi wa gona aski.
Amalanke ta tsare mu da dami har sama,
yaron da ke kanta yana barci, sa ya san gida.
Yakuwa ta yi ja a bakin gonaki,
harawa na shan rana a kan rassa.
Kawu ya buɗe hanci: "Wake ya yi bana."
Ban tambaye shi yadda ya sani ba.

A Mirya mun sayi rake da tulu guda
wanda ba mu da bukata,
don mai tulun ta gane muryarsa,
ta ce, "Direba, ashe kana nan?"
Ya yi dariyar da ban ji ba tun rasuwar Inna Habsu.

Bayan Hamdara mota ta yi zazzaɓi.
Muka fake a ƙarƙashin gawo,
ɗan gardamar da ya ƙi ganye duk damina,
sai yanzu da kowa ke bushewa ya sa kore.
"Danginku ne," in ji Kawu.
Na zuba ruwa a lagireto, na ƙyale shi.
Can sama shamuwa sun yi layi sun nufi kudu,
ba sallama, ba waiwaye.

Sai tudu, sai gangara, sai wani tudun,
rairayi ya fara cin bakin kwalta.
Daga nan ƙasa ta buɗe baki:
dabino, dabino, kacalla,
ga tafkin Gidimuni kwance a tsakiya
kamar faranti da aka wanke aka jingine.

Na kashe mota. Kirinjijiya na fito a kan ruwa,
iska na ɗauke da kanwa da ɗanyen kifi.
Ya ce, "Wane launi yake yau?"
Na ce shuɗi. Na ce a'a, baƙin rini.
Na ce can gefe kamar ruwan shayi na uku.
Ya ce, "To, bai sauya ba. Ba ya tsayawa a faɗe shi."

Ya tuɓe takalmi, na riƙe masa hannu.
Laka ta karɓi sawunsa har idon ƙafa.
Ya daɗe tsaye, leɓe na motsi,
ban sani ba ko addu'a ce
ko sunayen yaran mota da suka riga shi.
Sannan ya ce in kawo tulun nan.
Ashe da bukatarsa.

Da la'asar sakaliya muka juya.
Rana ta zauna a gilashi, ja kamar gauta.
Tulu na ɓulɓul a baya, Kawu na minshari,
duwatsu suka dawo baƙi, suka tare mu.
Ba wanda ya ce mini komai,
amma kafin gada
na sassauta.