Tabon Wuƙa

A yashin Mayo Kaliyawo na fara,
da rani, sa'ad da kogi ya tafi yawo
ya bar mana shimfiɗarsa.
Na zana raƙumi mai ƙafa biyar,
shanun Bappa Hamajoda suka bi ta kansa.
Ban yi kuka ba. Yashi ba ya ƙarewa.

Sai gawayi.
Bangon Inna Ladidi ya sha,
ni ma na sha.

Kawu Jatau ya ja kunnena har rumfarsa,
bayan kasuwar Marwa, inda warin jima
ke riga sallama isa hanci.
Ya ce, "Tunda hannunka ba ya zama, ga fata."
Ja daga karan dafi,
baƙi daga kuloko,
rawaya daga gangamau,
farcena bai sake fari ba shekara tara.

Ran da wuƙa ta zame mini
a tsakiyar fatar akuya mai tsada,
na tsaya jiran mari.
Ya duba, ya tofar da goro, ya ce,
"Fata ba ta mantuwa, yaro.
Mai da tabon ya zama reshe."
Na mai da shi. Ita aka fara saya.

Daga nan fenti ya ɗauke ni:
allunan masu aski, kawuna goma sha biyu,
zaki a bayan motar Kusiri
wanda direba ya ce ya fi kama da kyanwa,
amma ya biya.

Sai injin buga hoto ya sauka Domayo.
Wata uku buroshina na bushewa a gwangwani.
Na shiga shagon Asta da girman kaina a aljihu,
yarinyar da aka yi sunanta ina da gemu.
Ta ɗora hannuna kan linzami.
Linzami ba doki, ga hannu yana rawa,
layin da na ja ya fita kamar sawun kaza.

Yau ina da launi dubu, ba mai wari.
Zanena ya kwana a Njamena ina barci a Marwa,
ya zama tambarin shago, ya zama bangon littafi.
In an ɗauke wuta, ni da aikina mu yi tagumi.
Kuma akwai wani maɓalli:
ka taɓa, kuskure ya koma
kamar ba a taɓa yin sa ba.
Na so shi da yawa. Har na ji tsoro.

Jiya na kai wa Kawu aikina.
Idonsa ya tafi bara waccan.
Ya shafa gilashin da tafin hannu,
sama, ƙasa, ya sake shafawa.
"Sumul," ya ce. "Ina aikin?"
Na ce yana ciki.
"To ina inda ka yi kuskure?"

Ban amsa ba.

Da dare hannuna ya zame,
layi ya kauce daga tsakiyar fure.
Yatsana ya tafi wurin maɓallin da kansa.
Na riƙe shi.
Na zauna ina kallon karkatar
har ladan ya yi kiran farko,
sannan na fitar mata da ganye biyu.

Gobe zan sayi fatar akuya
in kwafe shi da basilla,
don tsoho ya karanta da yatsa.