Ƙwaurin Hagu

Likita ya ɗaga hoton ƙashi ga hasken taga,
ya ce, "Ma'azu, ya haɗe, je ka yi wasanka."
Ƙashi ya gani.
Bai ga abin da ya tare a cikin ɓargo ba.

Wata bakwai ina ƙirga azarar ɗakinmu a Birni.
In ihu ya taso daga fili da la'asar
nakan san an ci,
nakan san ba ni ba ne.

Yau ga ni, na ɗaure takalmi sau uku
don kada a ce na tsaya ba dalili.
Ƙafar dama tana ɗokin gudu
kamar ɗan akuyar da aka kwance,
ta hagu kuwa sai ta tambayi ƙasa
kafin ta taka.

Ƙarar ce ba ta fita kunnena ba.
Ƙas!
Irin ta karan dawa a hannun Inna
in za ta hura wuta.
Har yau in ta karya kara
nakan bar mata tsakar gida.

An ce wanda maciji ya sara
ko tsumma ya gani sai ya zabura.
To ni nawa macijin yana sanye da lamba biyar,
sunansa Saminu, ɗan Kara-Kara,
ya kawo mini lemu sau biyu ina kwance,
ya kasa duban idona.
Ga shi can yana miƙa,
shi ma ƙafarsa na jin tsoron tawa.

Mai horo Tankari bai ce in cire tsoro ba.
Ya ce, "Shigo da shi, a ba shi riga,
in ya gaji zai nemi benci."

Minti ashirin ina kai ƙwallo dama,
ina ɓoye hagu kamar bashi.
Sai ta zo a inda ba zaɓi,
Saminu na tafe, ƙasa na tashi bayansa.

Na buga.

Ta bi ta saman raga, ta haye katanga,
ta kifar da kofin mai shayi.
Aka yi dariya har kan duwatsu.

Ni dai ƙasa na duba.
Tana nan tsaye,
tana rawa kaɗan,
amma da ni a kanta.